Gilashin Iya Hajo

Kakata Iya Hajo ba ta damu da tatsuniyar Gizo ba. Idan sanyi ya shigo Madina, bayan magariba mukan kewaye kaskon garwashi a gonar dabinon da Baba yake kula da ita a Awali. Sai ta kwance bakin zaninta, ta fito da wani gutsuren gilashi shuɗi. Da shi take buɗe hira, kuma kullum labarin gini ɗaya ne.

Coci ne da Faransawa suka gina a garinsu, can Nijar, mahaifinta yana cikin maginan. Zanen na Bature ne, doguwar hasumiya da tagogi masu tsini, amma rufin ya gagare su sai da mahaifinta ya ɗaura musu bakan gizo da azara irin na soro. Da Faransawa suka tafi, aka sauke ƙararrawa aka zuba gyaɗa a cikin ginin. Daga baya ya zama aji, sannan ɗakin haihuwa.

"Nan na haifi ubanka, maigida," haka take tsokanata. "Ina naƙuda, hasken taga shuɗi yana kan ƙafata. Da za mu taho hajji na tsinci wannan a gindin tagar."

Ina shekara goma sha ɗaya na fara jin kaina malami. Wata rana na katse ta, ina kiranta kaka da Larabci: "Haram, ya sitti! Kayan coci a garin Manzo?"

Ta yi dariya. "Gilashi ne fa, maigida. Ina ruwansa da addini?"

Washegari tana wanka na kwance shi daga zaninta, na jefa a rijiyar gona. Kwana uku tana laluben ƙasa da yatsu, don idonta ya yi rauni. Ni kuwa na durƙusa ina taya ta nema. Ta dafa kaina ta ce, "Allah ya yi maka albarka, kai kaɗai ka damu."

Ba ta ƙara ba da labarin ba. In mun roƙa sai ta ce, "Halas, ya wuce, na manta."

Yau ni injiniyan gine-gine ne, na san wahalar ɗaura rufi. Sai yanzu na gane ba labarin coci take ba mu ba. Aikin hannun ubanta take nuna mana, da ɗakin da ta zama uwa. Ta rasu ban faɗa mata ba, kuma kunyar ba ta sake ni ba. Duk lokacin da aiki ya yi mini kyau sai in tuna albarkar nan, in ji ita ma satarta na yi.