Uwar Kwalabe da Tarin Mai Injin Niƙa

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakin gwaje-gwajen asibitin. Ta rataye mayafi a ƙusa, ta zura farar rigar da aljihunta ya sha tawada, ta leƙa firij kafin ta gaida kowa. Daga nan sai kujerarta da madubin duba ƙwayoyin cuta. Shekara talatin da ɗaya ke nan, ƙarshen watan nan kuma za ta ajiye aiki. Abokan aikinta Uwar Kwalabe suke ce mata, saboda ba ta yarda a zubar da kwalbar majinyaci don kawai takarda ta ce ba a ga komai ba.

Ta yi rubuce-rubuce a kan tsutsar ciki da yadda take raunana garkuwar jikin yara, ɗalibai na karantawa ba su san fuskarta ba. Amma in ka tambayi nas ɗin ɗakin masu tari, labarin wani dattijo mai injin niƙa za ta ba ka, idonta na kawo ruwa.

Sau uku ana ɗora shi a kan maganin tibi, tari bai tsaya ba, har da jini. A gida an ware masa kofi, an mayar da shi ɗakin baya. Jikarsa ta fari ta kai wata biyar bai taɓa ɗaukarta ba, ta taga yake hangenta. Likita na shirin fara zagaye na huɗu, ga jikin ya ƙare.

Sai ga Uwar Kwalabe a bakin gadonsa.

"Baba, hatsin da ya yi funfuna, in an kawo niƙa, ya kuke yi da shi?"

"Malama, na zo da ƙirji kina tambayata hatsi? Ko niƙa za ki kawo?" Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. "Niƙawa muke yi mana. Ƙurar kuma mu sha."

Ta juya ga likita. "Ka ba ni mako biyu."

"In ya mutu a cikin mako biyun fa?"

"In ka sake ba shi maganin ciwon da ba shi da shi fa?"

Ta sa hannu a takarda, alhakin ya dawo wuyanta. Ta shuka kakin da ya tofar a ɗan farantin gwaji don ta ga abin da zai tsiro, kullum da safe ta ɗaga shi ga haske. Ana cikin haka sai ga wani kore-kore ya tsiro. Gwajin jini ya tabbatar: funfuna ce ta yi gida a ramin da tsohon tibi ya bari a huhunsa.

"Baba, akwai magani. Kuma wannan ba a ɗaukarsa daga mutum."

Bai tambayi maganin ba. "Ke nan zan iya riƙe yarinyar?"

'Yarsa da ke tsaye a baranda ta kwance goyo. Ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Ashe haka take da nauyi."

Tun daga shekarar, duk wanda ya gama magani tari bai sake shi ba, sai an yi masa wannan gwaji. Mutum nawa suka tsira ta haka? Ba ta ƙirga ba.

Malama, ke ce mai idon da ba ya gajiya. Ke ce kika ga mutum a cikin kwalba, inda wasu suka ga lamba. Ba a kafa allo da sunanki ba, amma akwai gidajen da ake numfashi a cikinsu saboda ke. Mun gode. Allah Ya saka miki da alheri, Ya sa hutun ya zo da lafiya.

Ku kuma matasan da za ku gaji kujerarta, ku yi koyi da haƙurinta: kafin ku rufe fayil, ku je ku ga mai ciwon, ku tambaye shi sana'arsa.

Dattijon ya ji labarin ajiye aikin. Ba ya rubutu, sai ya aiko nas da saƙon baka:

"Ki gaya wa Malama yarinyar ta shiga aji uku. Ni nake kai ta."