Tumakin da Ayarin Motocin Tsere Ya Bari a Hanya

A shekarun dubu biyu da 'yan kai, lokacin da duk inda ka waiga a Doha gini ake yi, na yi aikin direba a gidan wani ɗan kasuwa a unguwar Al Mirqab. Shi ne kafil ɗina, da sunansa na shigo ƙasar, fasfona ma yana hannunsa. Kwana kuwa a unguwar Old Airport nake yi, ɗaki ɗaya da wasu 'yan uwa masu aikin gadi.

Maigidan yana da wata mota ruwan ɗorawa, gajera har cikinta na neman shafar ƙasa. Wankinta nawa ne, tuƙinta nasa. Yana cikin wata ƙungiya ta masu irin waɗannan motoci, Larabawa da Turawa. Idan sanyi ya shigo sukan haɗu a Corniche, titin bakin teku, da safiyar Juma'a, su jeru, su nufi arewa inda gonaki suke, su karya kumallo a gonar ɗaya daga cikinsu. Ni nake bin bayansu da a-kori-kura, ɗauke da kulolin abinci da ruwa da tayoyi.

Ran nan mun bar babban titi muka shiga wata siririyar kwalta, katangar gonakin dabino dama da hagu. Hanya ce ta tarakta da jaki, amma suka buɗe wuta kamar an ce musu filin tsere ne. Kafin in sa giya ta uku sun ɓace, sai rugugin injinansu nake ji daga nesa.

Ina shan wata kwana na taka birki da ƙarfi. Tumaki ne warwatse, wasu sun maƙale a jikin katanga suna rawar jiki. Ɗaya na kwance ba motsi. Wata kuma, da tsohon ciki, tana jan ƙafafunta na baya a kan kwalta. A tsakiyar hanya wani dattijo ne tsaye da farar jallabiya, rawaninsa ya warware, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo Allah, sun kashe ni," ya ce.

Da Hausa ya faɗa. Na fito da sauri na ce, "Sannu Baba! Ba su taɓa ka ba dai?"

Ya dube ni da mamaki. Ashe ɗan Sudan ne, kakanninsa daga ƙasar Hausa suka taso a ƙafa za su aikin hajji, suka zauna a can. Kiwo yake yi wa mai wata gona. Garken yana ɓangare guda, wurin shan ruwa yana ɗaya ɓangaren, kullum da safe sai ya tsallaka da su.

"Na ɗaga musu sanda, ɗana. Jar mota ce ta fara shiga cikinsu. Sauran suka kauce suka wuce. Ko ɗaya bai tsaya ba."

Mai cikin ba za ta tashi ba, mu duka mun gani. Na ɗauko wuƙa daga kayan abinci na miƙa masa, amma hannunsa ya kasa riƙewa. Shi ya danne ta yana shafa mata wuya, ni na yi bisimilla na yanka. Duk wannan lokaci wayata tana ta ruri a aljihu. Da na ɗauka, maigida ne.

"Yalla, yi sauri, ina ka tsaya? Mutane na jin yunwa."

Na isa gonar da jini a hannun rigata. Motocin suna jere ƙarƙashin dabinai. Manyan mutane sun tsuguna gaban jar motar suna jajanta wa mai ita, wani saurayi mai baƙin tabarau, saboda bambar gabanta ta tsage. Gashin tunkiya na nan manne a wurin. Yana ganina ya kaɗa mini yatsa, ya ce in kawo ruwa da tsumma in wanke.

Na ce ba zan wanke ba.

Da guntun Larabcina da guntun Turancina na faɗa musu abin da suka bari a baya. Na ce dattijon yana can zaune a bakin hanya, kuma sun gan shi sarai lokacin da suka wuce.

Maigida ya ja ni gefe. "Khalas," ya ce, wato shi ke nan. "Na san mai gonar da yake yi wa kiwo, yanzu zan kira shi."

Har na ɗan ji sanyi a raina. Ya kira a gabana. Suka yi doguwar gaisuwa, suka yi dariya, mai gonar ma ya nemi a ba wa mai jar mota haƙuri. Kafin a kashe waya sun gama yanke hukunci: makiyayi ne ya saki dabbobi a kan titi.

"Ranka ya daɗe, ba haka aka yi ba. Dole ne ya tsallaka da su."

"Direba na ɗauke ka, ba alƙali ba. Sauke abinci."

Na sauke. Wannan saukewar har yau tana ci mini rai. Na tsaya ina kallonsu suna tauna, suna gardamar wa ya fi iya shan kwana.

Ranar hutuna ta gaba na ari motar wani abokina na koma inda abin ya faru. Tumakin suna nan, amma wani ne daban yake kora su, baƙo daga ƙasashen Asiya. Na tambaye shi ina dattijon. Ya ɗaga tafin hannu sama yana kwaikwayon tashin jirgi, ya ce, "Sudan. Khalas."

Da lokacin fita ta gaba ya zo, na ce wa maigida ya nemi wani ya bi su. Na shirya wa faɗa, har ma da kora. Bai ko ɗago kai daga jaridarsa ba, ya ce in miƙa makullin a-kori-kurar ga wani direban gidan. Na ƙarasa wa'adin aikina a wurinsa, kuma har na bar ƙasar bai sake tayar da zancen ba. Ina jin mantawa ya yi.