Kafintan da Ya Ƙi Kushe Bencunansa

Shekara ashirin da biyu na yi ina masinja a wata ƙaramar kotu, kuma mutum ɗaya ne ke yi mana aikin katako. Kafinta kowa ke ce masa. Gajere ne, ba shi da yawan magana. Shi ya ƙera bencuna takwas ɗin da jama'a ke zama a kai idan ana shari'a. In yana gyaran taga alƙali ya shigo, sai ya ajiye guduma ya tsaya a gefe har a tashi. Mun ɗauka ladabi ne kawai. Ashe saurare yake yi.

Wata shekara aka kama wani malamin makaranta. Ya rubuta wa jarida cewa rufin ajinsa, da aka ce an gyara, har yanzu yana yoyo a kan yara. Wasu manya ba su ji daɗi ba. Da aka sa ranar shari'a, iyayen yaran suka ce za su zo su ji da kunnensu.

Ana jibi za a zauna, magatakardan kotu ya aike ni in kirawo Kafinta. Ya zo da garin katako a girarsa. Magatakarda ya turo masa takarda da biro.

"Baba, sa hannu a nan. Gara ta cinye bencunan nan. Ka kwashe su zuwa shagonka, mu rufe zauren. Shari'ar jibi a ofishin alƙali za a yi, ban da 'yan kallo."

"Wanne ne gara ta ci, ranka ya daɗe?"

"Duka."

"To, mu je in gani."

Muka shiga zauren mu uku. Ya kifar da na farko, ya ƙwanƙwasa ƙafafunsa, ya kara kunne kamar likita. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, magatakarda yana ta duba agogo. Da ya kai na takwas sai ya waiwayo ni.

"Masinja, kai da tumbinka ya yi biyuna, hau ka yi tsalle."

Har yau ban san abin da ya ɗora ni ba. Na hau, na yi tsalle sau biyu. Bencin ko motsi bai yi ba.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "in na ce gara ta ci wannan, ita garar ma sai ta kai ni ƙara."

Magatakarda bai yi dariya ba. "Baba, ka san ba zancen katako muke yi ba."

"Na sani. A ɗakin nan na ji lauyoyi, ya fi sau ɗari, suna cewa tsarin mulki ya ce a yi wa mutum shari'a a gaban jama'a. Ni ban yi karatu ba. Amma na san inda jama'ar ke zama."

"Kafintoci sun cika gari."

"Sun cika. A kirawo su."

Aka kuwa kirawo biyu, ni na je. Na farko ya shafa katakon, ya tambayi wanda ya ƙera shi. Da aka gaya masa, sai ya tuna ya bar shago a buɗe. Na biyu ya karɓi biro, ya daɗe yana kallon bencin, ya mayar da biron.

Na raka Kafinta gida da yamma. Matarsa ta ji labarin tana tsaye da tsintsiya a hannu.

"Baban yara, aikin da muke ci da shi ka je ka yi wa tsalle a kai?"

"Masinja ne ya yi tsallen."

"Ku biyun Allah ya shirye ku," in ji ta. Ranar shari'a ita ce ta fara zama, a sahun gaba.

Da aka rasa mai sa hannu, dole aka zauna a zauren. Ya cika har bakin ƙofa. Alƙali ya shigo, ya dubi mutane, ya gyara tabarau. A gaban idanu masu yawa haka, akwai maganar da ba ta faɗuwa. A zama na biyu aka sallami malamin.

Bayan mako guda aka rubuta takardar dakatar da Kafinta daga duk aikin kotu. Kai takardu aikina ne, don haka ni aka ba. Na same shi a shago yana goge wata kujera. Ya ce in karanta masa, na karanta. Ya saurara har ƙarshe, ya ninke takardar da kyau, ya sa a aljihu.

"Ƙofar bayan kotun nan ta fara ƙara," ya ce. "Ka gaya wa wanda za su ɗauka kada ya canja ta. Mai kawai take so."

Ya jawo mini kujerar, ya ce in zauna in sha ruwa. Na girme shi da shekara shida, amma ranar a tsaye na sha.