Idanun Sarkin Yaƙi

Duk wanda ya taɓa kai mota fenti a unguwarsu a birnin Semarang ya san Pak Harjito, wato Malam Harjito a yarensu, ya kuma san bakinsa. Tun yana saurayi yake fesa motoci, kuma bai taɓa yarda akwai mai fenti na biyu a garin ba. In ka ba shi shawara sai ya dube ka sama da ƙasa, ya tambaye ka motoci nawa ka fesa. Tari ne ya raba shi da gareji. Likita ya ce ƙirjinsa ya sha fenti ya ƙoshi, ya je ya zauna a gida. Zaman gidan kuwa bai karɓe shi ba. Ya fente ƙofa, ya fente kejin tsuntsu, ya fara zagaya kabad ɗin kwanukan matarsa, Bu Warsini.

"Pak, don Allah fita ka nemi abin yi," in ji ta, "kafin ni ma ka fente ni."

A yawon nan ne ya hau wani bene a saman shagon taliya, don ya hango kwalaben fenti ta taga. Ya tarar da manya da gemunsu, har da masu furfura, sun kewaye tebur suna jefa ɗan ludo, suna auna tazara da tef, suna tura 'yan sojojin roba tsakanin duwatsun kwali. Ya buɗe baki zai yi dariya ke nan sai ya ɗauki soja ɗaya. Bai kai babban yatsa ba, amma an yi masa tsatsa a takobi da laka a takalmi. Sai ya fasa dariyar.

Ya sayi kwalin sojojinsa na farko, ya shigo da shi gida a ƙarƙashin riga. Da Bu Warsini ta gani ya ce na jika ne.

"Jikan wa? Ko akwai wani gidan da ban sani ba?"

Haɗa runduna ba wasa ba ne. Sai ka yanko kowane hannu da kowane kai daga jikin roba, ka kankare, ka manna da gam. Yatsun Harjito sun saba da ƙofar mota, don haka rabin gam ɗin a jikinsa ya ƙare. Danang, mai sayar da sojojin a benen, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ɗaga wani soja yana nuna wa jama'a.

"Pak, wannan hari zai kai ko gida zai gudu? Ƙafa na gaba, kai na kallon baya!"

Harjito ya haɗiye, amma abin ya ci masa rai. Ya duƙufa. Damina ta kama, shi kuwa yana kan tabarma da ɗan burushi, har rundunar ta tashi daga launin toka ta koma kore da ruwan zuma. Ba ta yi kyau can ba, amma ta yi.

Akwai al'ada a benen nan. Duk baƙon da ya gama rundunarsa ta farko, ba shi zai fenta sarkin yaƙinsa ba, sai Koh Bing, tsohon mai gyaran agogo, wanda ya girmi kowa a wurin. Sai dai idanun Koh Bing sun yi rauni, hannu ya fara rawa, har ya riga ya ce ya ajiye burushi. Da ya ga rundunar Harjito sai ya ce, "Kawo. Tsoho ya yi wa tsoho, daga nan na rufe."

Ya daɗe yana yi. Ranar da ya kawo, kowa ya bar wasansa. Ga alkyabba ja, ga tabon sara a kumatu, ga idanu kamar ƙwayar gero, kowanne da baƙinsa da farinsa. Harjito, da bai taɓa yabon fentin kowa ba, ya tsaya yana juya shi a hannu yana kallo.

Saura banish, wato feshin nan marar launi da ke kare fenti daga gogewa. Danang ya miƙa masa gwangwani.

"Pak, kada ka fesa ana ruwa. Iska in ta jiƙe, fari yake yi. Ka jira rana ta fito."

"Kai yaro, motoci nawa ka fesa?"

An sa yaƙinsa na farko ranar Asabar. Juma'a aka yini ana ruwa, shi kuma ya ƙi haƙura. Ya jera rundunar a baranda, sarkin yaƙi a tsakiya, ya fesa da hannun gwani. Kafin ya gama shan shayi duk sun yi fari fat, kamar an barbaɗa musu gari.

Abin haushin shi ne wannan ciwo yana da magani, kuma kowa a benen ya sani: a bari ya bushe, a sake fesa mai ƙyalli a kai. Amma sai an tambaya, kuma Danang za a tambaya. Harjito ya gwammace ya ɗauko tina, ruwan da ya saba wanke kuskure da shi a jikin mota. Ya manta roba ba ƙarfe ba ce. Ya ɗiga a tsumma ya shafa wa sarkin yaƙi. Jan alkyabbar ya zubo. Ya sake shafawa cikin ruɗewa, sai fuskar ta yi laushi ta bi tsumman. Babu hanci, babu tabo, babu ido.

Bai je ranar Asabar ba, bai je ta gaba ba. Ko taliya ya daina saye a layin. Kunya ta hana shi sakat, in ya ji babur ya tsaya a ƙofa sai ya shige ɗaki. Ƙarshe Danang ya zo da kansa. Harjito ya buɗe masa kwalin. Danang ya duba, ya daɗe, kuma ko zolaya ɗaya bai yi ba. Wannan ya fi zagi ciwo.

"Sojojin za su gyaru," ya ce a hankali. "Wannan kam a'a. Amma Pak, kowace Asabar sai Koh Bing ya hau benen nan da sandarsa, yana jiran ya ga sarkin yaƙinsa a fili."

Sai Harjito ya je. Ya jera runduna a tebur, ya fito da sarkin yaƙi daga ƙarshe, kansa a sunkuye. Ya shirya maganarsa tun daga gida, zai ce girman kai ne, a yafe masa.

Koh Bing ya miƙo hannu. Ya riƙe ɗan sojan ta gindi, yadda masu fenti ke yi don kada yatsa ya taɓa aiki. Ya kawo shi daf da tabarau, ya juya shi, ya yi murmushi. Nan Harjito ya gane cewa Koh Bing ragowar jan alkyabbar kawai yake gani, sama-sama.

"Jito, faɗa mini gaskiya," in ji Koh Bing. "Idanun nan sun fito kuwa? Da na zo kansu ban iya ganin bakin burushin ba. Da ƙiyasi na yi, na ji kunyar tambayar yaran nan."

Harjito ya dubi Danang, Danang ya dubi ƙasa. Maganar da ya shirya ta gudu.

"Sun fito, Koh," ya ce. "Ban taɓa ganin irinsu ba."

"To madalla. Kada ka ɓoye shi a baya yadda suke yi. Sa shi a gaba, kowa ya gani."

Harjito ya karɓa da hannu biyu, ya sa shi a gaba.