Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Shekara shida na yi ina tuƙa wani Bature ɗan Ingila, a zamanin da ofisoshin jakadanci suke nan Jidda, kafin a kwashe su zuwa Riyad. Ni haifaffen Jidda ne. A unguwar Kurayyat muke zaune, ni da mahaifiyata da matata, shi kuma yana da wani ɗan gida a Abhur, bakin teku, inda yake yin hutun Alhamis da Juma'a. Dogon mutum ne siriri, Larabcinsa na littafi. Idan ya shiga shago sayen burodi sai ka ce labarai yake karantawa a rediyo, masu shago su yi ta danne dariya, shi ko a jikinsa. Ina son mutumin nan, ba zan ɓoye ba. Bai taɓa barina cikin rana ina jiransa ba tare da ya aiko mini da ruwa ba.

A falon gidan nan na Abhur akwai wata babbar takarda cikin gilashi. An zana bishiya, kowane reshe da suna, ƙarƙashin sunan kuma da ƙananan rubutu. Damshin teku ya shiga ta gefe har ta fara rawaya, sai ya ce in kai wa mai gilashi a kasuwar Bab Makka ya sake mata gida. Kafin in ɗauka ya tsayar da ni, ya sa yatsa yana bin rassan ɗaya bayan ɗaya. Asalin gidansu ne.

Ya ce a gidajen sarauta irin nasu babban ɗa ne ke kwashe komai: gida, gonaki, sarautar, har da kujerar majalisar manyan ƙasa. Ƙanne kuwa kowa ya je ya nemi inda zai yi wa gwamnati aiki. Wannan alƙali ne. Wannan ya riƙe jirgin ruwan yaƙi. Wannan gwamna ne a wani yanki na Indiya, ɗansa kuma jakada. Akwai limamin coci har biyu. Matan ba a rubuta musu aiki ba, sai dai wanda suka aura. Can gefe ya nuna mini wani gajeren reshe da bai yi 'ya'ya ba, ya ce ƙanen kakansa ne, Di'o ne a ƙasar Hausa, zazzaɓi ya kashe shi can. Shi kansa Baturen ɗan ɗa na uku ne. Ya yi dariya ya ce a duk gonakin nan ba shi da ko itace ɗaya sai wannan na takarda.

Sannan ya juyo ya tambaye ni, "Kai fa? Kakanka me ya yi?"

Na faɗa masa sunan da ke kan iƙamata, takardar izinin zama, na ce hajji ya zo ya zauna. Iyakar abin da na sani ke nan. Mahaifina ya rasu ina ɗan shekara uku, ban tashi da kowa na wajensa ba. Na ɗauki takardar na sa a bayan mota raina a ɓace. Ba da Baturen nake fushi ba. Kunya ce ta kama ni, a ce mutum yana lissafo kakanni har yatsansa ya gaji, ni kuwa magana ɗaya na yi na ƙare.

Na biya gida cin abincin rana, na shigo da takardar don kada zafin mota ya ƙarasa ta. A lokacin ciwon suga ya fara cin idon Inna, sai da ta kawo fuskarta dab da gilashin. Na yi mata bayani kamar yadda aka yi mini, har da ƙari. Ta saurara tsaf, sannan ta ce, "Yanzu sunan ubansa da na kakansa ne aka rubuta aka rataye a bango, mai shara ma yana karantawa? Ai ko waɗannan mutane ba su da kunya."

Na ce to mu masu kunya ga namu a aljihu. Na ciro iƙamata na karanta mata sunana da na mahaifina da na kakana. Sai Inna ta fashe da dariya har tana tari.

"Wannan ba shi ba ne," in ji ta. "Wani mai bin takardu ne ya zo ya cike wa mutanen unguwa. Duk wanda bai tarar a gida ba, sai ya ba shi uban da ya zo masa a baki. Ranar babanka yana tashar jirgin ruwa wajen dako. Rabin layinmu kakanku ɗaya a takarda. Da ya dawo ya gani ya ce halas, shi ke nan, takarda ba a taɓa ta."

Na ajiye cokali. Shekara talatin ina yi wa wani mutum addu'a da sunan da ba nasa ba. Na ce, "To Inna, mene ne sunan?"

Ta gyara mayafi. "Kai wannan," ta ce. Haka take kirana, don ni ne ɗan fari, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Surukina ne. A gidansa aka kai ni. Ni zan buɗe baki in kama sunansa? Aib, abin kunya."

Na lallaɓa, na roƙa, na haɗa ta da Allah. Daga baya na yi abin da har yau nake jin nauyinsa, na ɗaga mata murya. Na ce duk tsofaffin da suka san shi sun mutu, ita kaɗai ta rage, idan ta tafi da sunan nan shi ke nan ya tafi. Ba ta yi fushi ba. Ta ce suna dai ba za ta faɗa ba, amma tunda aiki Baturen ya tambaya, in zauna in ji aiki.

Ta ce uban kakana mahaƙin rijiya ne, ƙauyuka bakwai suna shan ruwan hannunsa. Shi kuma kakana da ƙafa ya taho, shekaru yana hanya, yana tsayawa ya yi noma ya sami guzuri ya ƙara gaba, mahaifina a goye aka shigo da shi Jidda. Ruwa yake sayarwa, garwa biyu a sanda. Amma idan jiragen alhazai suka fara sauka sai ya ajiye garwa ya koma bakin tasha. Duk alhajin ƙasashenmu da ya sauko da ciwo ba shi da kowa, shi ke ɗaukarsa ya kawo gida. Wanda ya warke ya sa shi a hanyar Makka. Wanda ya cika, shi ke masa wanka, ya nemo likkafani, ya tara mutanen salla, ya raka shi har kabari. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda yake biyansa. Kuma yana riƙe da garin kowane mamaci a kansa. Idan alhazai za su koma sai ya bi su zango zango yana neman mutanen garin, ya ce ku gaya wa gidan wane ya rasu ranar kaza, an yi masa sutura, kada matarsa ta yi ta jira.

"Ni nake dafa ruwan wankan," in ji Inna. "Ina amarya, lallena bai goge ba."

Washegari a hanyar ofis na kwashe duka na gaya wa Baturen. Ina tuƙi ina jin ƙirjina ya cika, wallahi ko gwamnan Indiyan nan ban ji zan yi musaya da shi ba. Muka wuce fitila biyu. Sannan cikin Larabcin nan nasa na rediyo ya ce mutum irin wannan ya kamata a san sunansa, yaya sunansa? Na ce ana bincike. Abin ya dawo mini sabo.

Wata biyu ina fama. Na je wajen tsofaffin Hausawan Makka, wasu sun ji labarin mai wankan alhazai, amma da Malam kawai suka san shi. Idon Inna yana ƙara rufewa, ƙafarta ta fara kumbura, ni kuma na daina barci sosai.

Matata ce ta warware. Ita a ƙasar Kano ta girma, da wayonta ta zo, ta fi ni sanin waɗannan abubuwa nesa ba kusa ba. Wata rana tana tsince shinkafa ta ce, "Ku 'yan Jidda sai yalla yalla, komai sauri sauri, ba kwa saurare. Inna ba za ta faɗa ba ko za ka shekara kana tambaya. Amma ka taɓa jin abin da take kiran tsohon nan ɗan Yaman mai yadi na Bab Makka?"

Na ce kowa da sunan babban ɗansa yake kiransa, Abu wane, yadda Larabawa suke yi.

"Ban da Inna. Ita mai suna take ce masa. Ta san shi tun yana saurayi, kafin ya haihu, lokacin da ake kiransa da sunansa na yanka. Ba sunan babanka gare shi ba, wannan ka sani. To sunan wa kake tsammani? Kuma Inna da ko mai tumatir sai ta sa shi gumi, ka taɓa ganin ta yi ciniki da tsohon nan? Abin da ya ce shi take miƙawa."

Tun ina ƙarami nake bin Inna shagon nan ina riƙe mata ƙunshi. Na ji mai suna ya fi a ƙirga, ban taɓa tambayar kaina sunan wa ba.

Ranar da na je karɓo takardar Baturen wajen mai gilashi na zarce shagon. Tsohon yana zaune kan tarin yadi yana shan shayi. Muka gaisa, ya tambayi jikin hajiya. Na ce, "Ya ammi, baffana, don Allah sunanka na gaskiya nake so." Nan take fuskarsa ta canza. Ya ajiye kofi ya fara laluben aljihu, yana cewa iƙamarsa lafiya lau take, kafilinsa da ya tsaya masa ma yana nan kusa, wa ya aiko ni? Sai da na zauna a ƙasa na ba shi labari tun daga bishiyar Bature har garwa biyu. Ya daɗe yana kallona. Ya ce shi ma ya sha mamakin matar nan da ba ta neman ragi. Sannan ya faɗa mini.

Suna ne gama-gari. A kowane sahu na masallacinmu za ka sami mai shi biyu ko uku. Amma ina tafe cikin kasuwa ina maimaita shi a zuci kamar wanda aka aika da saƙo yana tsoron mantawa, ga ƙatuwar takardar wani a hammatata.

Na iso gida bayan la'asar. Inna tana kan tabarma a tsakar gida da carbinta, matata tana shafa mata mai a ƙafa. Na durƙusa a gabanta. Sai a lokacin na ji bakina ya yi nauyi, na gane abin da take ji duk shekarun nan. Na ce, "Inna, ba tambayarki zan yi ba. Ni zan faɗa, ke kada ki ce komai." Na sunkuyar da kai na faɗi sunan.

Carbin ya tsaya. Ta jawo mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, ta juya wajen bango. Matata ta tashi ta shige ɗaki. Ina ganin kafaɗun Inna suna rawa, ban san ko in ba ta haƙuri ba ko in tashi.

"Marar kunya," in ji ta daga cikin mayafin. "A gabana."

Na ce ta yafe mini. Na yunƙura zan miƙe, sai ta laluba ta kamo hannun rigata.

"Tun ranar da aka fita da shi ba wanda ya ambace shi a gidan nan," ta ce. "Zauna. Sake faɗa."