Jegon Yaya a Pauwa

A shekarar da zan rubuta jarrabawar samun lasisin aikin jinya, makaranta ta ba mu hutun bita, aka ce kowa ya je inda hankalinsa zai kwanta ya yi karatu. Na koma gida Pauwa da jakar littattafai, da ɗan agogon da muke maƙalawa a gaban riga, da abin sauraren ƙirji da na ara wurin wata 'yar ajinmu. Na iske gidan yana ƙamshin hayaƙi da dafaffen ganyen darbejiya. Yayata da ke aure a Ruwan Godiya ta yi haihuwar fari, an kawo ta gida wanka.

Yaya ita ce ɗiyar fari a wurin Inna. Tun tasowarmu ban taɓa jin Inna ta kama sunanta ba, ban kuma taɓa ganin ta tsaya ta dube ta da kyau ba. In maganarta ta taso sai ta ce waccan. Amma Inna ce ke hura wuta ƙarƙashin babbar tukunya safe da yamma, ita ke surfa gero, ita ke jiƙa jar kanwar da ta ajiye tun cikin bai fito ba. In ta dama kunun kanwa sai ta ajiye kwanon a bakin ƙofa, ta ce mani in miƙa ma waccan, ta juya. Wankan kuwa Gwaggo ce ke yi mata, ƙanwar Baba, tana tsoma ganye cikin tafasasshen ruwa tana fyaɗa mata har tururi ya cika bayan ɗaki.

A ɗakin Yaya nake karatu, don ita ba ta damuwa da shiruna. Ita ta zama majinyaciyata ta gwaji. In kama hannunta in ƙirga bugun jini, in duba cikin idonta ko jini ya yi ƙasa, in taɓa mararta in ji ko mahaifa tana komawa. Tana kirana likitar gidanmu. Wani lokaci takan karɓi littafin tambayoyi ta karanto mani da Turancinta na firamare, in na amsa ta ce na faɗi, alhali ba ta san amsar ba. Sai mu yi dariya ƙasa-ƙasa kada jaririn ya farka.

Suna bai daɗe da wucewa ba Yaya ta fara cika. Fuskarta ta yi faɗi, awarwaronta ya daina motsi a hannu, silifas ɗinta ya ƙi shiga. Matan da ke shigowa duba mai jego suna yabawa, suna cewa jego ya karɓe ta, ta yi ɓul-ɓul, dangin miji za su ga an riƙe masu mata da kyau. Inna tana tsakar gida kamar ba ta ji, amma washegari sai na ga kwanon kunun ya koma babba.

Ni ma da farko ƙiba na ɗauka. Ranar da nake bitar ciwon zuciya ne na ɗago kai daga littafi, na ga Yaya zaune ta jingina da bango, bakinta a ɗan buɗe, alhali ba abin da ta yi illa ɗauko zanen jariri daga igiya. Na tambaye ta yadda take kwana. Ta ce a zaune, in ta miƙe a katifa sai ta ji kamar an danna kanta cikin ruwa, ga tari yana taso mata. Na roƙe ta ta miƙo ƙafa. Na danna babban yatsana a ƙwaurinta, na ɗan riƙe, na ɗauke. Rami ya zauna a wurin, kamar an danna dunƙulen fura. Muka zuba masa ido ni da ita, bai cike ba.

Bugun jininta yana sauri, ba ƙarfi. Jijiyar wuyanta a tsaye take ko tana zaune. Na sa abin sauraren a bayanta, can ƙasan haƙarƙari, na ce ta ja numfashi. Malaminmu ya taɓa ce mana in ruwa ya taru a huhu, ƙarar takan yi kamar ana murza gashi kusa da kunne. Ban taɓa jin ta a jikin mutum ba sai ranar.

Na sami Inna a bakin murhu. Na durƙusa, na daɗe ina gyara itacen da bai buƙaci gyara ba, sannan na faɗa mata cewa abin da ke jikin Yaya ruwa ne, zuciyarta ce ta gaji. Na ce kanwa tana riƙe ruwa a jiki kamar gishiri, zafin wankan kuma yana ƙara wa zuciya aiki, ya kamata a dakata, a kai ta asibiti.

Inna ba ta daina juya muciya ba. Ta ce, "Da kunun nan na yi jegonki. Ga ki nan."

Gwaggo da ke tsince ganye ta ce ai ba a ma gama karatun ba an fara hana mutane abinci, ina ga an ba ni farar riga. Ta ce tarin da mai jegon ke yi sanyi ne ya sami ƙofa, maganinsa kuwa a ƙara wuta. Ba da mugunta ta faɗa ba. Ta yi wa mata da yawa wanka a garinmu, kuma ta ga waɗanda aka yi wa sakaci suka lalace. Ranar ruwan wankan yamma ya fi na kullum zafi.

Kunun dai na sami yadda na yi da shi. In na shigo da kwanon sai in zauna bayan ƙofa in shanye, in fitar da shi wayam. Yaya tana kallona tana cewa ni za a mayar Ruwan Godiya a maimakonta, don ni jegon zai karɓa. Wankan ne ba shi ɓoyuwa. In Gwaggo ta dawo da ita, sai ta daɗe dafe da gwiwa kafin magana ta fito.

Na je wurin Baba a zaure, abin da ban saba ba. Ya saurare ni har na gama. Ya ce wannan sha'anin mata ne, amma ya san ni ba mai yawan magana ba ce, tun da na zo to akwai dalili. Sai dai matar mutum ce, ba a fita da ita sai an sanar da mijinta. Wayar mijin ba ta shiga, sai ya hau tudu yake samun layi. Da aka same shi ya ce a kai ta maza, yana tafe. Lokacin la'asar ta wuce, kuma a shekarun nan ba direban da ke yarda ya hau hanyarmu da yamma saboda 'yan bindiga. Sai da safe muka tafi Ƙanƙara, Yaya a gaban mota a zaune, ni a bayanta ina riƙe da kafaɗunta.

A asibiti na ga an yi duk abin da na haddace, bi da bi. Aka ɗaga kan gado aka zaunar da ita, aka sa mata iskar oksijin, aka yi mata allurar fitar da ruwa, aka ajiye kwano ana auna fitsarinta, aka hana gishiri. Likita ya ce zuciyar ta buɗe ta yi laushi, ba ta iya tura jini. Wata nas da ta ji ni ɗaliba ce ta bar ni ina taya ta ƙirga numfashi ina rubutawa.

Kumburin ya sauka cikin 'yan kwanaki. A nan muka ga ainihin jikinta, wuya siriri, ƙasusuwan ƙirji a waje. Gwaggo ta zo dubiya ta fita tana share ido, tana cewa an zuƙe yarinya. Inna takan zo da jaririn a goye, ta tsaya daga bakin ƙofar ɗakin, ta miƙo shi a kai wa uwarsa, idonta a kan taga.

Mun sa rai. Har Yaya ta ce in kawo littafin tambayoyin nan ta ci gaba da kayar da ni. Wata safiya bayan an kawo shayi tari ya taso mata, kumfa ta fito da ɗan ja-ja. Ma'aikata suka taru, aka matsar da ni gefe, amma hannunta na hagu yana wajena. Yatsuna suna kan wuyan hannun, inda na saba ɗora su. Ina jin bugun yana sauri, yana tsallake, yana dawowa, har na daina jin komai. Na matsa yatsun sama kaɗan, na sake matsawa, kamar yadda ake yi in an rasa wurin.

An yi zaman makoki an watse. Jaririn ya zauna wurin Inna. Ban buɗe littafi ba har ranar komawata makaranta ta zo, don jarrabawa ba ta jira.

Da safen na shiga yi wa Inna sallama. Tana zaune a kan tabarma tana ba yaron madara da ƙaramin cokali. Ta yi mani addu'a, na miƙe zan fita, sai ta ce in zauna. Ba ta dube ni ba.

"Kunun ne?"

Na ce mata masana ma ba su gama sanin abin da ke kawo ciwon ba. Yana kama mata bayan haihuwa a garuruwan da ba su taɓa jin sunan kanwa ba. Wannan gaskiya ce, haka yake a littafi. A nan na tsaya.

Ta goge bakin yaron da gefen zaninta. Ta ce, "Ke ba ki ba da rabin amsa. Ƙarasa."

Na ƙarasa. Na ce in zuciyar ta riga ta yi rauni, kanwa da zafin ruwa suna ƙara mata kaya.

Inna ta daɗe tana kallon cokalin. Yaron ya buɗe baki yana jira, ta ɗebo madara ta ba shi, kaɗan ta zube a wuyansa.

Ta ce, "Kanwar, mai kyau ce na zaɓo mata. Har garin Ƙetare na aika."

Daga waje Baba ya yi gyaran murya, ya ce mai mota ya gaji da jira.