Saura Mota Biyar: Shekara Takwas Bayan Alhaji Bala

Shekara takwas ke nan da rasuwar Alhaji Bala mai tanka, kuma har yau in masu hasashen yanayi suka fara nuna farin kewayen nan yana juyawa a kan tekun kudu, sai gabana ya faɗi. Ba ruwa ko iska nake tsoro ba, domin sau da yawa guguwar ba ta ko leƙo mu nan garin Greensboro na Amurka. Ma'aunin man motata nake kallo.

Alhaji Bala ba ɗan'uwana ba ne na jini. Amma shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na sauka ƙasar nan, a falonsa na yi wata huɗu ina kwana, shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar ɗaurin aurena. Mutumin Funtuwa ne, gajere, mai faɗa kamar zai cinye ka, ya gama kuma ya tambaye ka ko ka ci abinci. Aikinsa tuƙa tankar mai, ya ɗauko daga manyan rumbunan da ke kusa da filin jirgi ya rarraba wa gidajen mai. Shi ya fara fahimtar da ni cewa man da muke sha ba a nan ake tace shi ba. Daga matatun bakin tekun kudu ake turo shi ta bututu, tafiyar kwanaki. In mahaukaciyar guguwa ta faɗa can, sai a rufe matatu, wuta ta ɗauke, abin da ke zuwa ta bututun ya ragu. Kafin ka ankara farashi ya hau a allon gidan mai, bayan kwana biyu kuma ka tarar an ɗaure bakin famfo da leda.

Saboda haka duk damina yana da aikin da ba wanda ya sa shi. Da ya ji labarin guguwa sai ya bi mu 'yan Najeriya da ke nan ɗaya bayan ɗaya a waya. "Lawal, akwai storm a Gulf, can tekun kudu. Je ka cika tank yanzu, ban ce gobe ba." Ni kuwa na mayar da abin tsokana. Nakan ce Alhaji ya baro Najeriya amma ya taho da layin mai a cikin kansa. Halina ne ba na shan mai sai fitilar gargaɗi ta kama, shi kuma yakan ce ni da motata duka da tawakkali muke tafiya.

Akwai aikinsa na biyu da ya fi wannan nauyi. Shi ke wankan mamatanmu. Shi ya ja ni jiki ya koya mini, daga yadda ake rufe al'aura har ɗaurin likkafani. 'Ya'yansa biyu duk mata ne, don haka wata rana a harabar masallaci ya riƙe hannuna ya ce in ya riga ni, ni zan wanke shi, ni zan shiga kabari in karɓe shi. Ya ce ba ya son baƙon hannu a jikinsa. Na yi dariya na ce ai shi zai binne mu duka. Bai yi dariya ba, bai kuma saki hannuna ba sai da na ce na ɗauki alkawari.

A makon da zai rasu, guguwa ta faɗa wa kudu. Ya kira ni ranar Litinin kamar yadda ya saba, na ce to. Da yamma na ga layi ya fara a wani gidan mai, na ce a raina wane ne zai tsaya wannan layi, na wuce. Ranar Laraba da safe ya faɗi a gidansa da ke Sedgefield, kafin azahar ya cika a asibiti. Na je asibitin, na dawo gidana a McLeansville fitilar gargaɗin mai tana kunne, duk gidan man da na leƙa a hanya leda ce a bakin famfo. Malam Idi limaminmu ya ce wanka ƙarfe ɗaya na Alhamis, a yi salla a wuce makabarta, domin masu injin haƙa kabari suna tashi ƙarfe biyar.

Wanda bai zauna irin unguwarmu ba ba zai gane ba. Gidaje ne jefi-jefi a tsakanin gonaki, bas ba ta zuwa, babu acaɓa, babu Keke Napep, babu yaran nan masu galan a bakin titi da muke zagi a gida muna saya. In motarka ba mai, kai da ɗan kurkuku bambancinku kaɗan ne.

Alhamis da safe na ji an kawo mai wani gida a kan babbar hanya. Ƙarfe tara ina cikin layi. Mota a gaba, mota a baya, kwata a dama, ɗan sanda a hagu yana hana kowa karkacewa. Ban damu ba da farko, ni da na yi shekaru ina layin mai a Kaduna. Na san a kashe inji, na san a ƙirga motoci, na san ba a barin layi. Wajen sha biyu Ishaku ya kira ni, abokinmu ne mutumin Kafanchan, ma'aikacin jinya, wanda Alhaji yake kira ɗan gida.

"Malam Lawal, ka bar motar nan a gefe. Ina da quarter tank, bari in zo in ɗauke ka."

"Bari Ishaku, kada ka ƙona manka. Saura mota biyar."

Wannan maganar ce ta hana ni barci shekara takwas. A inda na fito, wanda ya bar layi saura mota biyar mahaukaci ne. Ban yi tunanin komai ba, jikina ne ya ba da amsa. Kuma in faɗi gaskiya, akwai girman kai a ciki. So nake in isa da motata cike, in kwashi mutane zuwa makabarta, a ce Lawal ya yi ƙoƙari. Amma kowa ya kai famfo sai ya cika mota ya fito da jarkoki. Saura uku a gabana ma'aikacin wurin ya fito da ledoji a hannu. Na tayar da mota don in fita, ta yi tari sau biyu ta mutu. Na kira Ishaku, ya riga ya kwashi dattawa huɗu yana can ɗaya gefen gari, man da ya rage masa iya makabarta ne da dawowa.

Ƙarfe biyu saura Malam Idi ya kira. Ya ce sun jira iya jira. Na ce ku yi, Allah ya ba ku lada. Shi da wani bawan Allah ɗan Sudan suka yi wankan, mutumin kirki, amma bai taɓa ganin Alhaji da rai ba. Lokacin da ake saka shi a kabari ina zaune a kan dakalin gidan mai, ina jiran motar da za ta ja tawa. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu waya ce ke nuna maka gidan da ke da mai da wanda ya fi araha, wasu matasanmu ma sun koma motar lantarki suna mana kallon mutanen da. Na san zai taɓe baki ya tambaye su da me za su yi caji in guguwa ta kayar da turakun wuta. Kuma da gaskiyarsa. Masallacinmu, aikinmu, asibitinmu, makabartarmu, duk suna rataye a jikin bututun da ba mu taɓa gani ba. Mun baro layin gida muna cewa mun tsira, ashe na nan ba ya zuwa kullum ne kawai, kuma in ya zo babu ƙofar baya.

Yanzu ni ke wankan mamatanmu, kuma ba wanda ke rigana isa. Mutane suna cewa gadon Alhaji ne. Ni na san ramuwa ce wadda ba ta cika. Abin da ya rage mini nasa na gaske, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Ranar sadakar uku Ishaku ya kai ni gidan. Da mutane suka ragu, Hajiya Rabi matarsa ta ce in biyo ta gareji. Jarkoki biyu ne jajaye a jikin bango, cike, an manna musu takarda da rubutun hannunsa: Lawal.

"Ranar Talata ya cika su," ta ce. "Ya ce ya san ba za ka ji ba, Laraba in ya tashi aiki zai kai maka. Wallahi sai jiya na tuna."

Ishaku ya taya ni muka ɗora su a but ɗin motarsa. Da man da Alhaji ya saya mini na fara zuwa kabarinsa, ni kaɗai, bayan an gama komai. Allah ya yi masa rahama, ya sa ya yafe mini.